Saniyar Rodi

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaure wa gidajen mutane ƙashi.
Daga Tumfure har Shongo,
duk benen da ka ga ya miƙe
akwai zanen tafina a cikinsa,
an kwarara kankare an rufe.
Haka sana'ar take:
ranar da aikin mai rodi ya fito fili,
ginin ne ya lalace.

In an tashi, nakan tsince abin da zarto ya rage,
guntaye, wani kamu ɗaya, wani bai kai taƙi ba,
da wayar da ta zube cikin yashi.
Injiniya ya ce kwashe, shara ce.
Na ɗaure a bayan keke,
suna ƙara har Bolari.

Ban yi niyyar komai ba.
Wani dare na zura mai mili goma sha biyu a bututu,
na danna da gwiwa,
ya lanƙwashe, ya tsaya yana kallona.
Ƙaho ne.
To, wa zai bar ƙaho ba kai?

Wata bakwai.
Haƙarƙari ashirin da shida, na ƙirga da yatsa a jikin saniyar mahauta.
Ba walda, ba ni da kuɗinta,
sai waya da filaya,
murɗa uku, ja, karya baki.
Yatsuna sun tsage kamar fadama a bazara,
Dija tana shafa musu man kaɗe tana mita:
wasu mazan na kawo nama,
nawa ya kawo ƙashi, ƙashin ma na ƙarfe.

Malam Sambo ya leƙo ta katanga,
ya ce Giɗaɗo, wannan ba gunki ba ne kuwa?
Na yi shiru, don ni ma tambayar ta hana ni barci.
Ya zagayo, ya zura hannu ta cikinta har kafaɗa,
ya ce iska ce ta fi yawa.
Bai ce e ba, bai ce a'a ba,
ya karɓi ruwa ya sha ya tafi.

Ɗan gwangwan ya zo da sikeli.
Kilo tamanin, in ji shi, har da tsatsa.
Na ce ba ta kai sayarwa ba, ba ta yaye ba.

Sai Inna ta zo daga Dukku ganin likitan ido.
Yana ta rufe mata duniya,
tun shekarar da ciwon huhu ya share garken Baffa
ba ta ƙara ambaton shanu ba.
Ta yi tuntuɓe da kofato.
Ta lalubo ƙafa, ta hau gadon baya,
ta tsaya a tozo.
Ta ce ya cika tudu, Fure ba haka take ba,
nata ya ɗan kwanta hagu.
Ban gaya mata sunan ba.
Ni kaina ban san ita nake yi ba.

Na ɗauko bututu a gabanta, na kwantar da shi hagu.

Da damina ta sauka, duman Dija ya rasa rumfa,
ya kama ƙafar baya, ya bi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya,
kafin ruwan Agusta saniya ta yi ƙiba,
kore shar, tana kaɗa kunne in iska ta taso.
Da magariba fararen furanni su buɗe a goshinta.

Uku ta haifa, suna reto daidai hantsa.
Inna ta ce kar a taɓa sai sun bushe,
babbar ƙwaryar tatsa ce.
Na ce Inna, me za a tatsa?
Ta ce kai dai nemo min mafefi,
gobe kana da dakin a Pantami,
je ka kwanta.